Tulun Inna da Ba Ya Ƙarewa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar da cutar kuma Ya ɗauke ta lokacin da Ya ga dama. Na daɗe ina ba mata wannan labari da baki, a gidan suna da gidan makoki, har 'ya'yana in sun ga na gyara zama sai su fara sulalewa. Yanzu na ce bari in sa shi a rubuce saboda wadda ban taɓa haɗuwa da ita ba. Wataƙila tana da yaro kwance a ɗaki, tana ta neman maye a waje, alhali abin yana cikin kofin da take miƙa masa.

Sunana Zulai. A shekarun alif ɗari tara da saba'in muna zaune a Harra ta Gabas a Madina, can ciki inda kwalta ba ta kai ba, famfon gwamnati ma bai iso ba tukuna. Harra baƙin dutse ce zalla, in rana ta take ko da takalmi sai ka ji ta a tafin ƙafarka. Gidan da muke haya babban gida ne mai iyalai da yawa, ƙofa ɗaya, tsakar gida ɗaya. A tsakar gidan akwai hazzan, wato ramin siminti a ƙarƙashin ƙasa da motar ruwa take zuwa ta cika, mu kuma mu riƙa ɗiba da guga. Taku kaɗan daga murfinsa akwai wani murfin, na bayyara, inda ƙazantar banɗakunan gidan take taruwa. Kullum ina ratsawa tsakanin murafun nan da kwanon wanke-wanke a hannu, ban taɓa tambayar kaina abin da ke tsakaninsu a ƙasa ba.

Mai gidan ɗan Hausawa ne, amma a nan aka haife shi, yana da takardar ɗan ƙasa. Kowa Ammi Bakur yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, don mai hali ba ya rasa zama baffa. Shi ne kuma kafilin mijina, Malam Sale, wanda yake gasa masa burodi a unguwar Anbariyya. Ɗakin da muke kwana nasa ne, aikin da muke ci da shi nasa ne, ikamar da ke aljihun Malam ma, wato takardar izinin zama, sai da hannunsa ake sabunta ta. In ya yi tari a ƙofar gida sai kowa ya gyara mayafi.

Sai Inna, mahaifiyar Malam. Daga Damagaram ta taso tun tana da ƙarfinta, ta yi shekaru a hanya ta Sudan kafin ta iso. A gidan iyayen Ammi Bakur ta yi aiki, ita ta goya shi, shi ya sa da ɗanta ya biyo ta da girmansa aka ɗauke shi aiki. Takardunta sun daɗe da mutuwa, ba wanda ya iya gyara su. Ba ta zuwa ko'ina sai Harami, ta je ta dawo tana bin gefen bango. Burinta ɗaya ne a duniya, ta cika a Madina a kai ta maƙabartar Baƙi'a. Tana da wata doka kuma da duk gidan ya sani: ba a kushe abin Madina. Dabino in ya bushe sai dai ka ce ya ji rana. Akwai ranar da na ɗebo ruwa na ce kamar yana ɗan tashi, ta harare ni ta ce in nemi gafara, mutanen da suka fi ni daraja sun sha ruwan garin nan sun gode.

'Yata Habiba ita ce ta fari. A garinmu ko sunanta ba zan iya kamawa ba, amma jinya ta cire mini wannan kunyar. Tunda 'yar fari ce, ta kaka ce, a ɗakin Inna take kwana tun da aka yaye ta. Lokacin tana da shekara takwas ko kusa da haka. In ka yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci, ita ce ma bakina a kasuwa, don nawa Larabcin bai wuce na sayen albasa ba. Sitti take ce wa Inna, Inna kuma ta ce mata ƙawata.

A ɗakin Inna akwai wani ɗan tulu na Zamzam. Wani direba abokin Malam ne yake kawo mata jarka guda daga Makka in ya samu hali, ba kullum ba. Takan turara tulun da hayaƙin wani ƙaro mai ƙamshi da ake kira mistika, kamar yadda mutanen garin suke yi, ta rufe bakinsa da farin ƙyalle. Tulun nan bai taɓa ƙarewa ba. Har tsokanarta muke yi, mu ce Inna ko rijiyar ce kika ƙullo a zani, ta ce albarka ce, mu da ba mu san albarka ba.

Cutar ta fara kamar wasa. Habiba ta dawo daga makaranta ta ce kanta yana sarawa, ta ture tuwo. Na ce rana ce. Washegari jiki ya yi ɗumi, jibi ya fi haka. Abin da ya ɗaure mini kai, zazzaɓin ba ya sauka ya dawo irin wanda na sani a gida, kullum sai dai ya ƙara hawa. Harshenta ya yi fari fat, leɓɓanta suka tsage. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma kwanciya tana kallon rufi. Muka kai ta ƙaramin asibitin unguwa, aka leƙa maƙogwaro, aka ba mu maganin zazzaɓi a kwalba aka ce mu tafi.

A sati na biyu ne masu shawara suka cika mana ɗaki. Allah Ya saka musu da alheri, don ba wadda ta shigo hannu sake, amma wallahi sun kusa haukata ni. Hajja Fanna, maƙwabciyar ɗakinmu 'yar Barno, ta ce shawara ce, a jiƙa sanamakki, wato filasko, a wanke cikin. Wata ta ce ido ne, yarinyar ta cika wayo a gaban mutane. Wata Balarabiya daga bayan layi ta ce akwai tsoho mai ƙuna da ƙarfe, ɗigo biyu a ciki shi ke nan. A nan na tashi tsaye na ce duk wanda ya kawo wuta kusa da 'yata sai dai mu ƙone tare. Inna ba ta shiga gardamar ba. Ita dai ta jiƙa dabinon ajwa a ruwan tulunta, ta wanke rubutu da shi, tana ɗura wa ƙawarta safe da yamma. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, ni da kaina nake tallafe kan yarinyar.

Da gudawa ta ɓalle, ta fara sambatu tana kiran sunayen 'yan ajinsu, Malam ya roƙi a ba shi yini guda muka ɗauki tasi zuwa babban asibiti. Layin mata daban, na maza daban. Na zauna a ƙasa da yarinya a cinya tun hantsi har bayan azahar, a tsakanin matan ƙauye da na Yaman da na Pakistan, kowace da nata a hannu. Mai kiran suna yana kira ba na ganewa, wadda take fassara mini kuma ga ta kwance ba ta san inda take ba. Ban taɓa jin ni baƙuwa ce a Madina ba kamar ranar. Wata mai shara, 'yar Hausawan Sudan, ita ta ji ina yi wa Habiba sannu da Hausa ta ajiye tsintsiya ta ja ni har gaban likita. Sunanta Ashe, ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

Likitan Bamisire ne, ƙato mai kaurin tabarau, maganarsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Aka ɗebi jini, aka ba mu gado. Da sakamako ya fito ya ce taifud, kalmar da ban taɓa ji ba. Ashe ta ce mini cuta ce da ake sha a ruwa ko a ci a abinci in ƙazantar bayan gida ta taɓa shi. Ya ɗaga yatsa a fuskata ya faɗi maganar da har yau nake ji da muryarsa.

"Igli l-moya. Kulli nugɗa."

Wato in tafasa ruwa, kowane ɗigo. Sannan ya tambayi inda muke zaune da inda muke samun ruwa. Kafin in buɗe baki Malam ya ce Harra, kuma mota ce take kawowa. Bai ƙara ko kalma ba. Da muka fito baranda ya ce mini in kiyaye, kada in kwatanta gidan ga kowa. In aka rubuta gidan, mutanen lafiya za su zo, wani lokaci da askari, wato 'yan sanda, su ƙirga kawuna su nemi takardu. Ko haka ake yi ko ba haka ba, ni ban sani ba har yau, amma duk Harra haka muka yi imani. Ya ce in tuna da Inna, in tuna kuma gidan na wane ne.

Muka yi kwanaki a asibiti ana ƙara mata ruwa ana ba ta wasu ƙwayoyi. Zazzaɓi ya sauka, ta fara neman burodi da shayi, har ta yi wa wata nas gyaran yadda ake kiran sunanta. Aka sallame mu. Na dawo gida da fushin mai sabon tuba. Ruwan sha na tafasa, na girki na tafasa, na kurkure baki na tafasa, kofinta da cokalinta ma sai na dafa su. Tukunyar gas da takan yi mana wata ba ta ƙara ganin rabin wata ba, Malam yana ɗaukowa a kafaɗa yana ƙunƙuni. Matan gida suna dariya suna cewa Zulai ta zama daktora. Na ce ku yi ta yi. Na gaya wa Hajja Fanna ita ma ta riƙa tafasa wa jikokinta, ta ce ita ruwan Madina ba ta dafa shi sai in shayi za ta sha.

Habiba ta koma ɗakin kakarta, don ba ni da bakin da zan ce a ba ni ita. Ta fara takawa, ta fara zama a ƙofar ɗaki tana tsefe wa 'yar tsanarta kai. Ban gama sakin ajiyar zuciya ba sai na taɓa goshinta wata safiya na ji shi kamar murfin tukunya.

Dawowar ta fi zuwan farko muni nesa ba kusa ba. Cikin ya kumbura ya yi tauri, ko zani ya taɓa shi sai ta yi ƙara. Da na ga baƙin jini a bayan gidanta ko mayafi ban tsaya gyarawa ba. Likitan nan ya dube ta, ya dube ni, ya hau ni da faɗa a gaban mutane. Ashe tana fassarawa tana rage wa maganar kaifi, amma fuskarsa ba ta buƙatar tafinta. Wai ku mutanen nan ba ku jin magana, ya ce a tafasa ruwa ba a tafasa ba. Na rantse masa da Allah na tafasa, na nuna masa ƙunar tukunya a hannuna. Ya ce to daga sama cutar ta faɗo? Ya ce hanjinta ya yi laushi, in ya huje sai fiɗa, kuma bai yi mini alkawarin komai ba.

Aka kai mu ɗakin da ake keɓe masu irin cutar. Taga ɗaya ce, da ƙarafa a jiki, tana kallon bango. Ina jin kiran salla daga nesa ba ni da halin zuwa. Malam ya ba da jininsa aka ƙara mata, ya koma bakin wuta da jiri, don burodin Ammi Bakur ba ya jiran mai jinya. Inna kuwa ba ta iya zuwa, ƙofar asibiti akwai masu tsaro. Nakan zauna in riƙe 'yar ƙafar Habiba in yi ta lissafi a zuci, me ya shiga bakinta wanda bai bi ta kan wutata ba. In bi abinci, in bi kofi, in bi ruwan wanka, in dawo inda na fara. Na tsani kaina, na tsani Harra, Allah Ya gafarta mini har tunanin ina ma ban zo ba na yi.

Wata rana bayan la'asar, lokacin ziyara, Malam ya shigo da filas a hannu. Ya ce saƙon Inna ne, tun asuba ta cika shi daga tulunta, ta ce a ba ƙawarta ta sha a shafa mata a ciki. Na yi murna. Na tsiyaya a murfin na kai bakin yarinyar. Ta kau da kai. Na ce sha mana, na Sitti ne. Da ƙyar ta buɗe ido.

"Ummi, ma abga. Rihat hammam."

Ba ta so, wai warin banɗaki yake. Malam ya daka mata tsawa a hankali ya ce ta yi istigifari. Ni kuwa na kai murfin hancina. Ruwan ya wuni a rufe, ƙamshin mistika ya gudu, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito fili. Warin nan ne da na taɓa ji a guga aka ce in nemi gafara. Na tambayi Habiba ko ta taɓa jin haka a gida. Ta ce kullum, a ƙarshen kofi, amma Sitti ta ce ba a faɗa.

Na tambayi Malam yaushe rabon direban nan ya kawo jarka. Ya ce tun azumi. Mu kuwa har mun wuce aikin hajji. Jama'a, ai na sani. Kowa ya sani. Duk tsofaffinmu haka suke yi, in Zamzam ya yi ƙasa a tulu sai a ƙara masa ruwan gida, a ce albarkar ta game duka. Na sha ganin Inna da 'yar butarta a bakin hazzan. Amma da zarar ruwan ya shiga tulun nan, a kaina ya tashi daga ruwan hazzan ya zama Zamzam, wa kuma zai ɗora Zamzam a wuta? Na dafa cokali, na dafa kofi, na bar wannan yana shiga cikin 'yata safe da yamma, da bisimilla.

A baranda muka yi ta, ni da Malam, murya ƙasa-ƙasa. Na ce sai an gaya wa Inna, sai an buɗe hazzan an duba. Ya ce in je in ce wa tsohuwar da ta bar ƙasarta saboda garin nan ita ta shayar da jikarta cuta? Ya ce wannan maganar za ta kashe ta. Ammi Bakur kuma in aka ce ruwan gidansa ya ɓaci, gobe za mu ga kayanmu a waje, jibi ikama ta tashi. Na ce to in gaya wa likita. Ya ce sai ki shirya raka Inna bakin jirgin Jidda a mayar da ita ƙasarmu. Ya ce in dai zubar da na filas ɗin a ɓoye, in an sallame mu zai san dabarar da zai yi. Na san dabarar Malam, shiru ce.

Kwanaki ina karɓar filas ina juyewa a gindin wata bishiya a harabar asibiti, don zuciyata ba ta yarda in zuba a makwarara ba, ko yaya dai akwai ɗigon Zamzam a ciki. Ina mayar masa ya kai wa Inna ta ji daɗi. Duk inda na juya akwai wanda zan cuta. Da jinin ya fara tsayawa, likita ya ce ta ƙetare wannan da ikon Allah, amma in ta koma ta sha abin da ta sha, kada in dawo masa da ita, don ba abin da zai iya. Ranar kuma Malam ya ce ƙaramin jikan Hajja Fanna ya kwanta da zazzaɓi.

Ranar Juma'a da Malam ba ya aiki na bar shi a wurin yarinyar, na ce zan je in ɗauko kayan sawa. Na iske Inna a ɗaki tana jan carbi, ta rame kamar ita ce mai jinyar. Ban zauna ba. Na je na jefa guga, na zuba ruwan a farin kwanon sha, na kawo na ajiye a gabanta na durƙusa. A farin kwanon ana ganin launinsa, ba fari ba ne sosai. Na gaya mata abin da likita ya ce, da abin da ƙawarta ta ce, ban rage komai ba. Fuskarta ta haɗe. Ta ce ashe asibiti ya koya mini zagin Zamzam.

"Inna, ban isa in kushe Zamzam ba, ban isa in kushe Madina ba," na ce. "Bayyarar Ammi Bakur nake kushewa, ita kuwa mutum ne ya haƙa ta. Ki shinshina, in kin ce ƙarya nake ni zan shanye shi yanzu a gabanki."

Ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta ɗauka da hannu biyu ta kai hanci. Ta ajiye. Ta jawo tulunta, ta cire farin ƙyallen, shi ma ta shinshina. Ban taɓa ganin hawayen Inna ba sai ranar, kuma ba ta yi sauti ba. Ta tambaye ni tun yaushe yarinyar take jin warin. Na ce tun tuni. Ta ce, "Ni na hana ta faɗa."

Ta miƙe, ta ɗauki tabarmar sallarta, ta fita tsakar gida a cikin ranar nan ta Harra ta shimfiɗa a kan murfin hazzan ta zauna. Duk matar da ta zo da guga sai ta ce mata ta koma. Ta aika a kira mai gida. Ya zo bayan an sauko daga masallaci, da farar riga da ƙamshin turare, yana tambayar wace fitina ce wannan. Da ya ji, ya ce hazzan ɗinsa lafiya lau, mota ce wataƙila ta kawo gurɓatacce, kuma wanda gidan bai yi masa ba ƙofa a buɗe take. Da ya faɗi haka ni yake kallo.

"Garba," in ji Inna. Ba wanda ya taɓa jin an kira shi da sunan nan a Harra. "Na wanke maka kashi da hannun nan, na san warinsa. Ka sa a buɗe ramin nan a duba. In ba ka buɗe ba, gobe da ƙafata zan je baladiyya, wurin hukumar gari, in kwatanta musu gidan."

Ya ce mata ta san abin da zai biyo baya in suka tambaye ta takarda. Ta ce ta sani sarai. Ta ce ta yi shekaru tana roƙon Allah Ya ba ta kabari a Baƙi'a, amma ba ta roƙa a riga ta kai jikarta can ba. Ammi Bakur ya tsaya yana murza carbi, ya juya ya fita. Na ɗauka mun gama yawo.

Washegari sai ga shi da leburori 'yan Yaman. Aka kwashe ruwan, ɗaya ya sauka da fitila, ko minti bai yi ba ya fito yana toshe hanci da rawaninsa. Bangon da ke ɓangaren bayyara ya tsage daga sama har ƙasa, baƙin ruwa yana tsattsafowa ta ciki. A nan muka ji yadda aka yi. Fasa dutsen Harra wuya gare shi, saboda haka lokacin gini rami ɗaya aka fasa, aka raba shi biyu da bulo aka shafe da siminti, rabi na sha, rabi na ƙazanta. Shekara da shekaru abin da ke tsakanin bakinmu da bayan gidanmu ke nan. Inna ta sa aka riƙe ta ta leƙa da idonta.

Zan faɗi gaskiya a kan Ammi Bakur, na alheri da na tsiya. Ya sa an cike ramin, ya kawo tankin ƙarfe aka ɗora a sama inda kowa yake ganinsa, ya kuma kai jikan Hajja Fanna asibiti a motarsa, yaron ya tashi. Bai kore mu ba. Amma ya ƙara kuɗin haya, ya mayar da Malam aikin da ya fi kowane zafi a gidan burodin, ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata. Mun ci gaba da zama a gidansa shekaru bayan haka, don ba mu da inda za mu. Na gode wa likitan nan duk da bai taɓa ba ni haƙuri ba. Na gode wa Ashe. Ina kuma jin haushi har gobe cewa sai da tsohuwa ta sa kabarinta a faifai kafin a ɗaga murfi guda.

Ke da kike karantawa, ki san inda ruwan gidanki yake kwana, ki san abin da yake maƙwabtaka da shi. In yaro ya ce ruwa yana wari, ki karɓa ki shinshina kafin ki ce masa ya yi shiru. In kina da Zamzam ko cikin cokali ne, ki sha shi a cokalinsa, kada ki ƙara masa komai.

Habiba ta dawo gida kamar tsinke, gashinta ya zube, sai da aka koya mata tafiya kamar jaririya. Inna ta wanke tulun ta kife shi a kan taga, bai ƙara ganin ruwa ba har Allah Ya karɓi ranta bayan wasu shekaru, aka kai ta Baƙi'a kamar yadda ta roƙa. Amma kafin nan, watanni bayan sallamarmu, direban ya kawo sabuwar jarka. Inna ta buɗe ta a gabanmu, ta tsiyaya kaɗan a finjalin gahawa, ta miƙa wa ƙawarta.

Habiba ba ta karɓa ba. Ta juyo ta dube ni tukuna.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, Inna ta ɗaga mini hannu, finjalin yana nan a ɗayan hannun.

"Ƙyale ta, Zulai," ta ce. "Ki tambayi uwarki, ƙawata. Ko ni na ba ki, ki tambaya."